Lakar da Ta Ƙoshi

Dā a Yerwa, wato Maiduguri, ido da hanci ne alƙalan ruwa. Mace za ta ɗebo a moɗa, ta ɗaga wajen haske, ta sansana. In garau yake kuma ba ya wari, sai randa. In ya yi duhu a jefa masa alam, a jira ya kwanta. Haka na taso na gani a gidanmu, haka na tarar a Njamena da Agadas da Omdurman a shekarun da nake fataucin fatu. Yanzu ga ruwan leda, ga bohol a kowane layi, ga masu kura suna turo jarkoki, amma har gobe da ido muke yanke hukunci. Mutum ɗaya na sani da bai taɓa yarda da ido ba a kan ruwa, shi ne yayana, wanda muka yi sadakar arba'in ɗinsa kwanan baya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Malamin ilimin sinadarai ne, ya koyar har ya yi ritaya, ya zauna a gidansa a Mairi. A unguwa ba a kiransa da digirinsa. Malam Mai Laka ake ce masa, kuma yana amsawa.

A zaman makoki na ga mutanen da ban taɓa zaton inuwar dogon yaro ɗaya za ta haɗa su ba. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu da furfura. Ɗaya ya ce da ni, yana dariya yana share ido, Malam ya taɓa korarsa daga ɗakin gwaji don kawai ya juye ruwan kwalba a kwata. Wata tsohuwa maginiyar tukwane, mutuniyar Konduga, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce da Barbarci, “Wa zai ƙara zuwa ya sayi ƙasa ya bar tukunya?” Wani ɗan kabilar Ibo mai shagon robobi a kasuwa ya cire hularsa ya zauna a gefen tabarma. Da aka ɗaga hannu za a yi addu'a ya ɗan yi jim, sannan shi ma ya ɗaga nasa. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya ambaci yayana da sunan da ya sa masa, Poto-poto, wato taɓo da Turancin kasuwa.

“Alhaji, Baba Poto-poto ya tafi. Durom ɗin da na sayar masa, suna nan a rufe?”

Na ce suna nan.

“To, a bar su haka. Shi ya gaya mini.”

Maƙwabta kuwa maganarsu ɗaya ce, suna yin ta ƙasa-ƙasa: abin da babbar 'yarsa ta yi a safiyar jana'iza, da ta fito tsakiyar maza. Wasu sun ce zafin mutuwa ne ya taɓa ta. Don in gyara wannan zancen na zauna rubutun nan, kuma ba zai gyaru ba sai an san mutumin da durom ɗinsa uku.

Yaya bai taɓa roƙona turare ko darduma ko agogo ba. Duk tafiyar da zan yi, tsarabarsa ɗaya: ƙasa. Ba yashi ba, laka, daga bakin kogi ko gindin tabki, cikin leda, in riƙe sunan wurin a kaina. Na kawo masa daga bakin kogin Shari, na kawo masa daga bakin kogin Nilu, inda na ga mata suna jefa wata irin laka cikin tulu ruwan ya kwanta kamar yadda muke yi da alam. Wani jami'in kan iyaka ya taɓa zazzage jakata, ya murza lakar, ya sansana, ya ɗanɗana, ya tambaye ni da Faransanci ko magani ne. Na ce tsarabar yayana ce. Ya dube ni da tausayi ya ce in wuce. Ina shiga gidan Yaya, kafin in gama sallama, zan ji muryarsa daga ciki:

“Matafiyi, ka zo mini da ƙasa ko ka zo cin sinasir ɗin matata?”

Matarsa, wadda ke kirana mijinta don wasa, ta amsa daga madafa, “Bar mini mijina ya huta, kai da ba ka san tsaraba ba sai taɓo.”

Bayan duk wannan yawon da ya sa ni, wadda ta fi burge shi a ƙarshe ita ce ta bayan gida: firgi, baƙar lakar nan da ake shuka masakwa, dawar rani, a kanta, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Na ce masa ashe wahalar banza na sha. Ya ce a'a, da bai ga na wasu ba da bai san darajar tamu ba.

Abin ya samo asali ne daga autarmu. Ta yi aure a Filato, a wani ƙauye da ke gefen tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika. Da rani in rijiyoyi suka ƙafe, can suke ɗiba. Mun je suna tare da Yaya, aka kawo mana ruwan a kwano, garau kamar gilashi, sanyi har haƙori. Ni na sha na yi hamdala. Shi ya riƙe kwanon yana kallon tulin baƙin yashin da masu haƙa suka bari a bakin ramin, bai sha ba. Da za mu dawo ya cika bayan motata da jarkoki.

Ya yi mini bayani wata safiya muna karin kumallo. Ya ce akwai ƙarafa, irin su yuraniyom, da ke narkewa cikin ruwa kamar gishiri. Ba su da launi, ba su da wari. Suna fitar da wani tururi da ido ba ya gani, in suka zauna a jikin mutum shekara da shekaru suna cinsa a hankali. Tafasawa ba ta korarsu, tata da ƙyalle ba ta kama su. Sai ya jawo farantin sinasir ya jera guda biyar ɗaya bisa ɗaya.

“Firgi haka take in ka ƙara mata girma sau dubbai. Falle-falle. Tsakanin falle da falle akwai gishirin da ba ya cutarwa, ta riƙe shi sako-sako. In mugun ƙarfen ya zo wucewa cikin ruwa, sai ta saki wancan ta cafke wannan. Musaya ce, irin wadda kuke yi a kasuwa.”

Matarsa ta ce, “In ka gama karatu da abincina ka ci, ya huce.”

Yana da wata na'ura mai kamar rediyo da ke yin ƙyas-ƙyas in ta ji wannan tururin. Jikoki suka sa mata suna gyaren Kaka. Ya kara ta a jarkar ruwan, ta yi ƙyas, ta yi shiru, ta sake yin ƙyas, kamar yadda take yi a ko'ina. Sannan ya kara ta a lakar da ya daɗe yana bi da ruwan ta cikinta, jarka bayan jarka. Gyaren ya kama kuka. Nan take na tuna kwanon da na shanye.

A nan ne muka yi faɗan da ya fi kowanne tsawo a tsakaninmu. Ni ɗan kasuwa ne, in na ga abu yana aiki sai in ce a loda. Na ce ga mota, ga firgi kyauta har inda ido ya tsaya, mu kai wa autarmu da mutanen ƙauyenta buhu-buhu, kowace mace ta zuba a randarta.

“In ta ƙoshi fa?” in ji shi.

“Wa?”

“Lakar. Ba kashe shi take yi ba, riƙe shi take yi. Ruwan da ke da ɗan kaɗan ta tara shi wuri guda. Ranar da ta ƙoshi, me matan za su yi da ita?”

“Su zubar mana.”

“Ina? Bayan ɗaki, ruwan sama ya mayar da ita rijiya? Kai da ka san mutanenmu. Mace ta ga laka mai laushi, tatacciya, ta zubar? Yaɓe za ta yi da ita. Ta gyara murhu. Mai ciki ta gutsura ta sa a baki don kwaɗayi. Kuma in ta haɗu da ruwa mai tsami, sakin abin da ta riƙe za ta yi.”

Na ce shi dai malami ne, ya fi son tambaya da amsa, ga 'yar'uwarmu tana sha kullum. Ya ce ni kuma direba ne, in na sauke kaya ban san abin da ya biyo baya ba. Na tashi na bar shayina. Na yi tafiya biyu ban kawo masa ƙasa ba. A ta uku na tarar da shi zaune a ƙofar gidana da 'yar jakarsa, ya ce, “Tayar da mota, Filato za mu.”

Bai kai musu laka ba. Ya zauna da mai unguwa da liman da fasto a ƙarƙashin mangwaro, ya kunna musu gyaren, ya nuna musu ramin da za su bari ko da shanu ne, da wanda za a iya wanki da shi. Ya taka da ƙafarsa har kan tudu, nesa da baƙin yashin, ya ce a nan ya kamata a haƙa. Suka haɗa ƙarfi suka haƙa. Lakar da ya yi gwaji da ita a can kuwa, ko cokali bai bari ba. Ya kwashe, ya ɗaure, muka dawo da ita Yerwa a bayan motata. A hanya ya ce, “Ni na tara shi. Kafin in taɓa shi a warwatse yake, ba na kowa ba. Yanzu nawa ne.”

Wannan lakar da ta ƙoshi, da ta sauran gwaje-gwajensa, ita ce a cikin durom uku na shuɗiyar roba masu murfi da ƙarfen ɗauri, a wani ɗan ɗaki bayan madafa. Ya shafa wa kowanne jan fenti a murfi. Ba ya tsorata mutane a kansu. Yakan ce abin da ke ciki kaɗan ne, ba zai taɓa mai wucewa ba, sharaɗi biyu ne kawai: kada ya shiga cikin mutum, kada ya koma ruwa. Akwai hukumar da aikinta ne karɓar irin wannan, ya yi ta bibiya, magana ba ta kai ƙarshe ba har ƙarfinsa ya fara raguwa.

A shekarun da hanyar Konduga ta gagara, mutane suka cika gari da gudun hijira, ya haɗu da tsohuwar nan maginiya a bakin kasuwa tana zaune ba abin yi. Ya ba ta gefen tsakar gidansa ta riƙa gina tukwanenta. Bai taɓa cewa taimakonta yake yi ba. Cewa yake yi shi ke buƙatarta, don hannunsa ya fara rawa, ba ya iya kwaɓa laka. Ta fi shekara tana cin abincin gidan a kan wannan dalilin, kuma duk mun san hannunsa lafiya lau yake a lokacin.

Sai shekarar da ruwa ya ci gari. Da hantsi na isa Mairi da ƙyar, na bar mota a kan titi na shiga da ƙafa. Ruwa ya kai gwiwa a tsakar gidan kuma yana ƙaruwa. An riga an fitar da matarsa da jikoki. Babbar 'yarsa, malamar makaranta ce, tana tsaye tana roƙonsa, shi kuma yana bakin ɗan ɗakin nan ya naɗe wando.

“Baba Gana, ka yi masa magana,” ta ce da ni, don haka take kirana, ƙanin uba. “Littattafansa na shekara da shekaru suna iyo a falo, ko kallonsu bai yi ba. Wai laka zai ceta daga ruwa!”

“Littafi in ya jiƙe ya lalace shi kaɗai,” in ji shi. “Wannan in murfi ya buɗe, rijiyar kowa za ta shiga. Ku tafi, ni zan tsaya da su.”

Ba a yi masa gardama in ya yi wannan muryar. Maƙwabcinsa yana da benen da bai gama ginawa ba. Ni da tela na ƙofar gida da wasu magidanta biyu muka riƙa mirgina durom ɗin cikin ruwa, muna hawa da su matakala, Yaya yana biye ya dafa murfin da tafin hannunsa kamar mai rufe wa jariri kai. Kafin mu ɗauki na uku ruwa ya kai masa ƙirji. Sai da ya ga an ɗaure su da igiya a jikin ginshiƙi sannan ya yarda aka riƙe shi aka fita. Tela ya yi ta ba da labarin a majalisa, ana dariya: kowa ya ceci katifa da buhun shinkafa, Malam ya ceci taɓo.

Daga ranar bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Tari ya kama shi, ya tafi, ya dawo, ƙirjin ya ƙi saki. Da ruwa ya janye aka mayar da durom ɗin ɗakinsu, 'yarsa ko ƙofar ba ta son kallo. Ta taɓa ce mini a harabar asibiti, “Baba Gana, wallahi in abin nan ya faru, da hannuna zan mirgina su in jefa a bola. Su suka cinye mana shi.” Ni ma a raina na faɗi haka.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu, da la'asar, ya kira mu mu biyu, ni da ita. Bai yi maganar gida ko gona ba. Ya kama hannunta.

“Uwata, na san kin tsane su. Ban ce ki so su ba. Ki dai tsare mini murfin har masu karɓa su zo.”

Ta juya fuska bango. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Ta ji.”

Ya cika da asuba ranar wata Talata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wanda bai san Yerwa ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya. Ƙasarmu rairayi ce. In an sa mamaci an jera itace, sai an samu laka mai danƙo an kwaɓa an toshe kafofin kafin a tura ƙasa. A wasu garuruwan da na je fale-falen dutse suke jerawa, a wasu tubali, mu laka muke nema. Ana cikin yi masa sutura sai tela, wanda ya ɗauki durom da kafaɗarsa ranar ruwa kuma ya fi kowa kuka da safen nan, ya ce da jama'a:

“Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan laka, ya kusa mutuwa don ita, a rufe shi da lakar wani wuri? Ga tasa a ɗaki. Wallahi ita ta fi cancanta ta raka shi.”

Kowa ya ce haka ne. Magana ce ta ƙauna, ba wanda ya yi nufin sharri. Buhunan sabuwar firgin da yake ajiyewa a rumfa ruwa ya tafi da su tuni, abin da ya rage sai durom ɗin. Ni ina ɗakin da ake suturar, ban san me ake ciki ba. Hayaniya ce ta fito da ni.

Na tarar an mirgino guda ɗaya tsakar gida, tela ya durƙusa yana kokawa da ƙarfen murfin. Babbar 'yarsa kuma ta fito daga cikin mata, mayafi a karkace, ido a kumbure, ta ratsa maza ta zo ta zauna daram a kan durom ɗin.

“Baba tela, ɗauke hannunka.”

“Haba 'yata, girmama shi za mu yi.”

“Na sani. Allah ya saka. Amma wannan ta ƙoshi. In kun kwaɓa ta da hannu za ku ci abinci da hannun. In kun sa ta a rami damina za ta zo, kuma akwai masu rijiya a bayan maƙabarta. Ya shiga ruwa har ƙirji don kada ta koma ƙasa, yau ku kai ta da kanku?”

Wani dattijo ya ce ta koma ciki, nan ba wurin mata ba ne. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, “Zan koma in an mayar da shi an kulle an ba ni makulli.”

Tela ya saki ƙarfen murfin. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya ce, “Ni na ɗauka dukiyarsa ce yake ji da ita.” Shi da kansa ya mirgina durom ɗin ya mayar. Tsohuwa maginiya ta aika gidanta aka kawo lakar da ta jiƙa don tukwane, cikin kwando, da ita muka rufe shi.

Bayan kwana bakwai 'yarsa ta ɗauki maganar daga inda ya bari. Ta nemo tsofaffin ɗalibansa, ciki har da wanda aka kora don ya zuba ruwa a kwata, suka yi ta bin ofisoshi tare. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta duk tsawon lokacin. Kafin arba'in wata mota ta zo da mutane masu safar hannu, suka auna, suka naɗe durom ɗin suka ɗora. Ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Sannan ta ɗauko gyaren Kaka, ta shiga ɗakin, ta bi kusurwa-kusurwa da shi. Ya yi ƙyas, ya yi shiru, ya sake yin ƙyas, kamar yadda yake yi a ko'ina. Ta kashe shi, ta jingina da bango, sai a lokacin na ga ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Autarmu ta zo ta'aziyya daga Filato da jarkar ruwan rijiyar kan tudu, ta ce a sa a randar gidan. Mun sha.

Makon jiya na je Njamena. Na sauka bakin Shari da leda a aljihu, har na durƙusa, sannan na tuna. Na wanke hannuna na tashi.

Lakar da ta ƙoshi ta bar gidan a rufe, ba ta shiga cikin kowa ba, ba ta koma ruwa ba. Ɗakin bayan madafa yanzu gawayi ake ajiyewa a ciki. Ni kuma in na dawo daga tafiya na yi sallama a Mairi, babu mai tambayata ko na zo da ƙasa.